Wurin Yaya a Kalanda

Lokacin da nake da shagon kwamfuta kusa da tasha a Gaya, rabin aikina ƙarya ce. Amarya ta ce in ƙara mata haske, ɗan takarar kansila ya ce in ɗauke masa tumbi, wani ya ce in tsayar da shi gaban Ka'aba alhali ko Wudil bai taɓa wucewa ba. Nakan yi, ina tsaki a ciki. Abin da na fi iyawa shi ne haɗa hotuna: in yanko mutum daga wani hoton in dasa shi a wani, sannan in bi gefensa ina dusasar da shi a hankali har ya narke cikin na ƙasa, ba a ga inda aka haɗa ba.

Akwai wata al'ada da ba wanda ya kafa ta, amma kowa a yankinmu ya san ta. A kalandar biki, masu rai suna tsaye a jere, tas da su. Wanda ya rasu kuwa sai a kai shi can sama ta gefe, a dusasar da shi ta ko'ina har fuska kawai ta rage a cikin gajimare. Ba sai an rubuta komai ba. Duk wanda ya gani zai ce Allah ya ji ƙansa.

Yayana, ɗan farin gidanmu, ya bar ƙauyenmu na ƙasar Ajingi ya tafi haƙar zinare can ƙetaren iyaka, bayan wata damina da gyaɗa ta ƙi. Da farko yana bugo waya. Daga baya wayar ta daina shiga. Shekaru suka yi ta wucewa, ba gawa, ba labari. 'Yarsa da ya bari a goye har ta shiga firamare. Dangin matarsa sun tambayi malamai, an ce musu lokacin jira ya cika, amma an rasa wanda zai tunkari Inna da maganar. Ita dai kullum sai ta ce yana tafe. Ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce yaron nan.

Da bikin ƙanenmu ya matso, Baba ya hawo babur ya zo shagona da hoton iyali da aka ɗauka da sallah. Ya miƙo mini shi, idonsa a ƙasa.

"Ka sa yayanka a ciki," ya ce. "A sama."

Na ce, "Baba, Inna ta sani?"

"Yarinyar mutane muke riƙe da ita, ba aure ba zawarci. Ni bakina ya kasa. Bari takarda ta faɗa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Dattawa duka sun kasa, sai ni mai jan maus za a ɗora wa sanar da mutuwa. Amma ban musa masa ba, na ce to. Aikin kuma ban taɓa shi ba.

Magana ba ta ɓuya a gida. Ranar kasuwa sai ga Inna a ƙofar shago, ita da ko asibiti sai an yi da gaske take zuwa. Ta ƙi ruwan da na miƙa mata, ta jawo benci ta zauna a bayana.

"Kai, buɗe abin naka. Yaron nan a jere za ka sa shi, kusa da ubansa."

Hoton Yaya ɗaya ne tal a wurina, wanda na ɗauke shi a gona ranar cirar gyaɗa, yana dariya, hularsa a karkace. Na yanko shi a tsanake, har zaren hular ban bari ba. Na buɗa wuri tsakanin Baba da ango na tsayar da shi. Na daidaita haske, na yi masa inuwa a ƙasa, na dusasar da gefen kafaɗarsa kaɗan don ta shige bayan ta Baba. Wallahi ban taɓa aiki mai kyan wannan ba. Ina so Inna ta yi nasara.

Inna ta matso da fuskarta har tana kusan taɓa gilashin. Ta dubi Baba da gemunsa da ya yi fari fat. Ta dubi ango, wanda Yaya ya goya a kafaɗa, yanzu ya fi shi cikar fuska, har da saje. Ta dubi 'yar Yaya da ke tsaye a gaba. Ta dubi kanta. Shi kuwa yana nan yadda ya tafi, saurayi sharaf, yana dariyarsa ta gona a tsakiyar mutanen da jira ya cinye.

"Ka tsufar da shi mana," ta ce.

Na ce, "Inna, ban san yadda ya koma ba."

Janareton maƙwabci yana ta ƙugi, 'yan kamasho suna kiran Kano, Kano. Can ta gyara mayafinta.

"Kowa ya tsufa ya bar shi," ta ce a hankali. "Mayar da shi inda ubanka ya ce."

Na ja shi sama. Gurbin da ya bari na rufe, Baba da ango suka sake haɗa kafaɗa. Na fara jan abin dusasarwa daga ƙasa. Ƙafafunsa suka tafi, rigar ta bi, hannun da ke riƙe da damin gyaɗa ya zama hayaƙi. Idona ya cika, ina jin kamar ni nake tura masa ƙasa.

"Tsaya nan."

Fuska ce ta rage da hular. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, sai na ji ta kira sunansa, a fili, sau ɗaya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Da ta miƙe za ta tafi ta juyo. "Sauran jikin nasa ka goge shi ke nan?"

Na ce a'a. A wannan aikin ba a gogewa, lulluɓewa ake yi. Yana nan cikakke a ƙarƙashi, in aka janye lulluɓin zai dawo.

"To, ka bar shi a nan."

Ranar biki aka raba kalandar. Mutane suka riƙa shigowa da murnarsu, su dubi saman takardar, su yi turus, sannan su durƙusa gaban Inna su yi mata gaisuwa. Tana amsawa, idonta a bushe. Bayan biki matar Yaya ta shiga takaba.

Na daɗe da rufe shagon, kwamfutar ma ta mutu. Amma kafin ta mutu na kwashe aikin na adana, yadda yake, da lulluɓinsa. Inna takan tambaye ni, in mun keɓe, ko yana nan. Nakan ce mata yana nan.