Rigar Ruwa Bakwai, Mu Takwas

Ban taɓa buɗe baki na ce na iya ruwa ba. Na daɗe ina kare kaina da wannan magana, kuma gaskiya ce. Sai dai ban taɓa cewa ban iya ba.

A Gadarif aka haife ni, garin da ruwa ke zuwar mana a ganga bisa karo, wato amalanken jaki. Babana a gonakin dawa na Gadambaliya ya ƙarar da ƙarfinsa. Innata kuwa ko bakin tafkin da ake tara ruwan damina ba ta yarda mu je ba. Har na yi gemu, ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne na layinmu in an yi ruwan sama, iyakarsa gwiwa. Amma a ƙasar nan da Hausawa tsiraru ne a cikinta, da zarar an ji kai Bahaushe ne, an gama yanke maka hukunci: kakanka masunci, babanka masunci, kai ma a kwalekwale aka yanke maka cibi. Da dalilinsu, don duk kogin da ka bi sai ka tarar da ƙauyen mutanenmu da komarsu a shanye. Ni dai ba daga cikinsu na fito ba.

Lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare, na shiga wani nadi, wato kulob, na masu son yawon daji. Mu ne hawan dutse ran Juma'a, mu ne zagaya gonaki lokacin yankan riɗi. Shugabanmu injiniyan noma ne, mutum mai son sabon abu kamar me. Wata rana ya dawo daga tafiya da jiragen roba huɗu, masu cin mutum biyu-biyu, waɗanda ake hurawa da famfo. Kayak ya ce sunansu. Ya ce damina na ɗaukewa za mu gangara kogin Atbara ta wajen Fashaga. Sai ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "Ba mu da damuwa, muna da ɗan ruwa a cikinmu."

Aka tafa, ni ma na yi murmushi. Shekara da shekaru ana tsokanata da Hausanci a kan abin da ba daɗin ji, ranar nan ga shi an yabe ni da shi. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba.

Ina da aboki a makarantar, malamin labarin ƙasa, mutumin garin Doka. Mai jiki ne, mai yawan dariya, ya san sunan kowane kogi a duniya amma bai taɓa sa ƙafa a ko ɗaya ba. Kullum ni ke goya shi a babur daga makaranta zuwa ƙofar gidansa. Matarsa na da tsohon ciki, ta ce ba inda za shi. Ya lallashe ta da cewa jirgi ɗaya zai shiga da ni. Da asubar tafiya da na je ɗaukarsa, ta leƙo daga bayan ƙofa ta ce, "Amana, ya ustaz." Na ce, "In sha Allah."

Mun isa bakin kogi da hantsi. Na taɓa ganin kogi daga kan gada, amma daga ƙasa wani abu ne dabam. Ruwan ja ne kamar shayi da madara, yana gudu, yana ɗauke da rassan itace, kuma yana wani gurnani da na ji har cikin haƙorana. Aka hura jirage. Injiniya ya kwance buhu ya fara raba rigunan ruwa, irin masu hana mutum nutsewa. Na tsaya ina ƙirgawa a zuci, aikina ke nan. Riguna bakwai ne, mu kuma mu takwas. Kafin ya kai ta ƙarshe na san inda lissafin zai faɗi.

"Kai ba ka buƙata, ya zol," wato "mutumina" a Larabcin ƙasar, in ji shi, yana dariya. "Kifi da riga?"

Nan ne ya kamata in yi magana. Kalma uku ce, ban iya ba. Ta zo har bakina, na kalli mutum bakwai suna kallona da fara'a, na haɗiye ta.

Akwai wani dattijo zaune a inuwar kwalekwalensa yana gyaran koma. Yana kallona lokacin da na ɗauki filafili na riƙe shi kamar mai shirin share tsakar gida. Ya yafito ni da hannu. Da Hausa ya yi min magana, Hausar da ba mai jinta a cikin abokan tafiyata.

"Ɗan wane gari ne?"

"Gadarif, Baba."

"Ka taɓa shiga ruwa?"

"Kaɗan-kaɗan."

Ya ajiye komar. "Ɗana, kaɗan-kaɗan ba ta aiki a nan. Bari in gaya wa babbanku."

"Don Allah, Baba, kar ka faɗa."

Ya kalle ni, na sunkuyar da kai. Sannan ya ce bayan kogin ya sha kwana ta biyu akwai baƙin dutse a tsakiya, ruwa na rabuwa a kansa, mu bi hagu. In jirgi ya kife, in kama igiyar da ke jikinsa. "Kar ka kama mutum. Ka ji ni? In ka kama mutum, ku biyu za a yi wa wanka." Ya miƙo min wata jarka wadda ba komai a cikinta, da igiya a wuyanta, ya ce in ɗaura a ƙugu.

Na dawo da jarka a hannu. Abokina ya tambaye ni me tsohon ya ce. Na ce hanya yake gaya min. Wannan ma gaskiya ce. Jarkar kuwa kunya ta hana ni ɗaurawa, na cusa ta ƙarƙashin ƙafafuna.

Shi a gaba, ni a baya, don na baya shi ke juya jirgi. Da farko ruwa ne ya yi mana aikin. Jirginmu na ta wainawa, wani lokaci ma da baya muke tafiya, abokina na dariya yana cewa, "Salon Hausawa ke nan?" Ni kuwa ba abin da nake yi sai ƙirga kwanar kogi. Muka sha ta farko. Kafin ta biyu gurnanin ya ƙaru, har sai mun ɗaga murya. Dariyar abokina ta ɗauke. Ya waiwayo ya ce, "Ina za mu bi?"

"Hagu!"

Na san hagu, yadda ake zuwa hagun ne ban sani ba. Na tsoma filafili na ja da iyakar ƙarfina, jirgi ya juya dama. Na sauya hannu, ya ba da gefe. Na ga jirage biyu sun wuce ta hagu, suna ihu. Na ga baƙin dutsen yana tahowa, ruwa na tafasa fari a jikinsa. Jarka ce ta fara fita, sannan jirgin ya kife da mu.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Sanyi, duhu, yashi a baki. Ban san ina ne sama ba. Na laluba igiya ban same ta ba, hannuna ya faɗa kan wani abu mai laushi da ke shawagi, na damƙe. Rigar abokina ce, da shi a ciki. Na san shi ne. Ina so a rubuta wannan yadda yake: na san shi ne, na tuna maganar dattijo sarai, kuma na hau kansa. Na dafa kansa da hannu biyu na danna shi ƙasa don hancina ya fito. Rigar ta dawo da shi sama, ya buɗe baki zai ja iska, na sake dannawa. Sau uku nake tunawa.

Sai na ji an buga min wani abu a kafaɗa, an fizgi wuyan rigata. Dattijon ne. Ashe tun da muka tashi ya biyo bayanmu a kwalekwalensa. Ya kifa ni a gefen jirgin, ya jawo abokina da ɗaya hannun, ya kai mu kan yashi. Sai ya juya neman jarkarsa.

Abokina ya daɗe kwance yana aman jan ruwa. Sauran suka iso da gudu. Daga nesa abin da suka gani shi ne ni manne da shi a tsakiyar kogi. Injiniya ya rungume ni yana cewa, "Ko riga ba shi da ita, amma bai saki ɗan'uwansa ba!" Suka yi ta sa min albarka. Na kalli abokina, shi ma ni yake kallo, idanunsa jajur, da shatar farcena a goshinsa.

A bayan mota, a hanyar komawa, muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Sai da muka yi nisa na ce masa a hankali, "Ban iya ruwa ba."

"Na sani," in ji shi. "A ƙarƙashinka na gane."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe dannawar, wanda ruwa ya ci ba ya cikin hankalinsa. "Amma da asuba, a ƙofar gidana, kana cikin hankalinka."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Matarsa ta haihu bayan sati uku, na je suna, ta sa aka kawo min nama na musamman, wai na wanda ya ceci uban jaririya. Na ci a gaban mijinta.

Ranar da muka koma makaranta, da aka tashi na tayar da babur na tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Ya fito da jakarsa, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi innata da jiki. Na matsa gaba na bar masa wurinsa. Ya ce in je kawai, zai taka. Shekara huɗu muka ƙara yi a makarantar nan tare, gidansa na kan hanyata, kullum sai na wuce shi yana tafiya a cikin rana.