Tamfol Ɗin da Delyo Ya Saya Sabo

Rodelio Agbayani, wanda ake kira Delyo, bai taɓa jefar da tamfol ba. Duk unguwarsu ta bakin kogin Cagayan an san shi da wannan. Da an gama zaɓe, sai Delyo ya bi turakun lantarki da almakashi yana kwance hotunan 'yan takara da aka buga a kan tamfol. Da su yake rufe babur ɗinsa na haya mai ɗakin fasinja a gefe, a kansu yake shanya shinkafa, da su ya yi wa aladensa rumfa. Fasinjan da ruwa ya tarar a hanya sai ya ga kansa zaune ƙarƙashin haɓar wani kansila.

"Yau dai ya yi wa talaka aiki," in ji Delyo.

A wannan babur 'yarsa Lenlen ta yi makaranta tun daga firamare. Kafin ta sauka takan kama hannunsa ta ɗora a goshinta, gaisuwar girmamawa ta garinsu, hannun yana warin fetur da busasshen kifi. Shi kuwa maganarsa ɗaya ce kullum: "Kada ki ba kowa ƙwan da ke cikin abincinki."

Sau ɗaya ya taɓa sayen tamfol sabo, ranar da Lenlen ta ci jarrabawar zama malama. Ya sa aka buga hotonta da hular gama jami'a, ya baza a gaban gida har ya toshe taga. Kowane haƙorinta ya kai tafin hannu. Yaran unguwa in sun zo wucewa sai su rusuna wa hoton su ce, "Ina kwana, Malama."

"Tatang, don Allah ka sauke abin nan," in ji Lenlen, don haka take kiran babanta. "Ko aiki ban samu ba."

"Ni na ce kin samu? Cewa na yi kin ci jarrabawa."

"Dariya ake mini a kasuwa."

"Masu dariyar me 'ya'yansu suka ci?"

Ta dai matsa masa har ya sauke, ya naɗe, ya cusa a saman rufi yana ƙunƙuni.

Ba a daɗe ba guguwa ta taso. Tun da hantsi shugaban unguwa yake yawo da lasifika yana cewa kowa ya koma makarantar kan tudu. Delyo ya wuni yana jigilar tsofaffi da buhunan shinkafa. Sai da yamma ya kai matarsa Perla da Lenlen, bai ko kashe babur ba.

"Zan ɗaure rufi, in kwance alade, in dawo. Ku ajiye mini abinci."

"Delyo, bar aladen nan!" in ji Perla.

Ya ɗaga mata hannu, ya gangara. Kafin duhu kogi ya cinye hanyar.

Da gari ya waye, daga kan tudu ba a ganin komai sai ruwa mai launin shayi da bayan rufin kwano nan da can. Abincin Delyo yana nan a rufe, Perla ta hana kowa taɓawa.

Isko masunci, abokin Delyo wanda ya riƙe Lenlen ranar baftismarta, shi ya sa take kiransa Ninong, yana tura kwalekwalensa mai inji. Lenlen ta faɗa ciki.

"Fita, yarinya. Wurin mutum ɗaya za ki cinye mini."

"Ninong, ko dai ka tafi da ni, ko ka jefa ni ruwa."

Ya dube ta, ya ja igiyar inji.

Ba ta gane unguwarsu ba. Rufi duk iri ɗaya, ga kujeru da gawar kaji suna wucewa. Suka ɗauko wani tsoho daga kan tankin ruwa, suka ɗauko wata mata da jaririnta daga rufin coci, sai wasu 'yan'uwa mata da suka kwana rungume da turken lantarki. Bakin kwalekwalen ya kusa shan ruwa.

Isko ya rage gudu kusa da wata bishiyar kwakwa da ta karkace.

"Nan ne," in ji shi.

"Nan ne me?"

Ya nuna mata da hannu. Inda gidansu yake, ruwa ne kawai yake juyawa. Lenlen ta miƙe tana kiran Tatang, kwalekwalen ya yi tangal-tangal, tsohon ya fizgo rigarta. Ta ci gaba da kira a zaune har muryarta ta dusashe.

"Mai ya kusa ƙarewa, Lenlen," in ji Isko.

"Mu zaga bayan injin casar shinkafa. Sau ɗaya kawai."

Matar nan mai jariri ta taɓa gwiwarta. "Ƙanwata, jaririna ya daina kuka tun ɗazu. Jikinsa sanyi ƙalau."

Lenlen ta dubi jaririn, ta sunkuyar da kai. Isko ya juya akalar kwalekwalen.

A juyawar ne ta hango ido. Ƙaton ido guda, can cikin ganyen mangwaron bayan injin casa, yana kallonta. Iska ta buɗa reshe, sai ga gira, sai ga hular jami'a, sai ga haƙoran nan.

"Ninong! Ni ce! Ga ni can!"

Ruwan wajen yana gudu sosai. Sau biyu yana kwashe su kafin Isko ya cafki reshe. Delyo yana zaune a tsakanin manyan rassa, ya ɗaure ƙugunsa da igiyar rufi, leɓɓansa sun yi fari, kwano ya tsaga masa ƙauri. Ya ɗaure tamfol ɗin ta kusurwa huɗu a samansa, fuskar tana kallon kogi.

"Kai tsohon biri, sauko!" in ji Isko.

Delyo ya buɗe ido da ƙyar, ya nemi 'yarsa.

"Kin ce in sauke, na sauke. Ba ki ce kada in sake ɗagawa ba."

Suka zuro shi ciki kamar buhu. Ya ƙi sakin igiya.

"Tamfol ɗina."

"Bar shi, mahaukaci, nutsewa za mu yi!"

Lenlen ta zare wuƙar Isko ta yanke igiyoyin, tamfol ɗin ya faɗo musu. Ta lulluɓe ubanta da matar da jaririn a ciki, sannan ta lalubo hannun Delyo ta ɗora a goshinta. Babu warin fetur, sai laka. Kafin su kai tudu jaririn ya tsala kuka daga ƙarƙashin tamfol, injin kuma ya mutu, suka ƙarasa da sanda.

Babur ya tafi, alade ya tafi. Delyo yana ɗingishi yanzu, yana gyaran baburan wasu a gindin tudu. Lenlen kuwa har yau, da yayyafi ya fara taɓa kwano, sai ta fita neman inda ubanta yake.

Da suka kafa rumfar da suke kwana a ciki, tamfol ɗin ne rufi. Perla ta ce a kifa hoton ƙasa, ko rana ba za ta cinye shi ba. Delyo ya ce a'a, sama zai kalla, don masu jirgin sama su san gidan malama ne. Suka juyo suna jiran Lenlen ta yi faɗa.

Ta hau kan kujera ta ce, "Tatang, miƙo mini igiya."