Ramlatou da amsar da aka jira daga Tasawa

Ramlatou Sanda ta rasu bara bayan ƙaramar salla, Allah ya haskaka kabarinta. 'Yar Maradi ce, doguwa, mai saurin dariya da saurin fushi, kuma duka biyun ba sa daɗewa. Ta iso birnin Greensboro, can ƙetaren teku, da goyo a baya, ta fara da ɗaukar kwalaye a wani sito da ke titin Wendover. Daga nan ta koma tafinta a asibiti, tun da tana jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ga Turancin da ta tsinta a wurin aiki. A can wata ƙungiya mai kula da kyautar gaɓoɓin mamata ta gan ta, ta ɗauke ta.

Aikin ba mai daɗin faɗa ba ne. Idan likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar mutum ta mutu, inji kawai ke busa masa numfashi, sai a kira Ramlatou. Ta zauna da dangi, ta yi musu ta'aziyya, ta bar su su yi kukansu. Sai sun natsu take tambayar ko za su ba da ƙoda ko hanta ko zuciya ga wani da ke jira. An hana ta matsa wa kowa, ita ma ba ta so.

Mutanenmu ba su bar ta ta huta ba. In ta shiga gidan suna, Anti Hindou, mai kitso, sai ta ɗaga murya: "Jama'a, ku ɓoye ƙodojinku, ga ta nan ta shigo!"

"Kwantar da hankalinki, Anti," in ji Ramlatou. "Taki da ta sha magi tun zamanin da kuɗin saifa ke da daraja, wa zai karɓa?"

A yi dariya, amma wasu su janye tabarma kaɗan.

Ba wannan ke ƙona mata rai ba, kuma ba masu cewa a'a ba ne. A'a amsa ce, tana girmama ta. Abin da ke cinta shi ne "sai an ji daga gida."

Haka ta faru da Tassiou, direban babbar mota, wanda jijiyar jini ta fashe masa a ka yana cikin ɗaura kaya. A dokar ƙasar, maganar matarsa Saadatou ita ce magana. Saadatou kuwa ta ja Ramlatou gefe, ta ce mata a hankali, "Yaya, ya sha faɗa mini. Ciwon ƙoda ne ya kashe mahaifinsa. Ya ce in tasa ta zo, a ba wani."

"To, ki faɗa musu, ƙanwata."

"Ni? A gaban yayansa? A ce tun bai yi sanyi ba na raba shi?"

Yayan, Alhaji Daouda, mutumin kirki ne, ba shi da faɗa. Ya saurari bayanin Ramlatou har ƙarshe, har da wasiyyar ƙaninsa, ya ce malaminsu ma ya taɓa cewa akwai masu halatta abin. Amma akwai Baba Issoufou a Tasawa, ƙanin mahaifinsu, shi ne babban da ya rage. Ba a yanke irin wannan a tsallake shi.

"Alhaji, inji ba ya riƙe jiki har abada. Likita ya ce jininsa na sauka."

"Na ji, Malama. Ana ta kira. Yana gona, wayar na gida."

Aka kira da hantsi, aka kira bayan azahar. Ramlatou ta yi ta zarya tsakanin ɗakin dangi da likitoci, tana roƙon a ƙara ɗan lokaci, tana kawo shayi, tana riƙe hannun Saadatou. Kalma ɗaya ce a bakinta, "ke doka ta ba," ta faɗe ta sau ɗaya kamar yadda aiki ya ce, ba ta maimaita ba. Ta san bayan an watse, Saadatou ce za ta zauna da dangin nan, ba doka ba.

Kafin la'asar zuciyar Tassiou ta tsaya.

Washegari, an dawo daga maƙabarta, gida ya cika da masu gaisuwa, wayar Alhaji ta yi ƙara, Baba Issoufou ne. Alhaji ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Tsohon ya yi salati, ya yi addu'a, sannan aka ba shi labarin abin da aka jira shi a kai.

"Yaron ya faɗa da bakinsa?"

"Haka matarsa ta ce wa Malama, Baba."

"To, ni me kuka jira a wurina? Mai abu ya yi kyauta da abinsa, sai ku nemi tsoho a gona? Ku ba da, Allah ya kai masa ladan."

Ramlatou ta tashi ta shiga madafa, ta kama wata tukunyar da an riga an wanke tana ta dirza. Can Saadatou ta biyo ta, lulluɓe cikin mayafin takaba, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, Baba ya yarda. Yanzu babu abin da za a iya?"

Ramlatou ta kashe famfo. Ta share hannuwanta a zane, ta jawo yarinyar jikinta.

"Babu, ƙanwata," ta ce. "Jiya ne."