Ranar da kekunan ƴan lakwal suka zube kan kwalta

Cikin kaka ne, shekarar da gero ya yi kyau har rumbunanmu suka kasa ɗauke shi. Kowa fuskarsa a sake. A shekarar ce kuma ɗiyata ta fari ta samu shiga kwaleji a Malbaza, ta bi sahun ƴan lakwal, wato ƴan makaranta. Abin da na gani wata safiya cikin wannan kaka, har in koma ga Allah ba zai fita raina ba.

Ƙauyenmu da ɗan nisa, sai da keke. Babanta bai so ba tun farko, saboda manyan motocin siminti da ke bin hanyar. Da iyaye suka zauna, sai aka yi sharaɗi: ƴan matan su tafi tare, kada wadda ta yi nesa da ƴar uwarta. A wajenmu haka tsaro yake. Haka muke zuwa kasuwa tun muna yara, kaya a kai, ƙafar wannan bayan ƙafar waccan, ana hira. Su kuwa suka riƙe maganar da gaske, har tayar wata na shafar tayar wata.

Gonarmu na bakin kwalta. Ina tsinkar wake na ji dariyarsu tafe. Sai akuya ta fito daga cikin kara da gudu. Ta gaba ta matse birki, ta biyu ta hau ta, kafin in ce wayyo duk sun zube. Tawa ta faɗa tsakiyar hanya, ga motar siminti a bayansu. Har yau ina jin kukan birkin nan. Motar ta tsaya kusa da takalmin yarinyar.

Direban ya diro yana salati. "Ku ɗinke ku aka yi? Hanya duk faɗinta ba ta ishe ku ba?"

Allah ya tsare, ƙujewa ce a gwiwa da hannu. Ana kakkaɓe littattafai har sun fara faɗa. Ta biyun ta ce, "Ke ce kika tsaya cak kamar jaki ya ga ruwa!" Ta gaban tana hawaye ta ce, "To akuyar mutane zan taka?"

Da la'asar babanta ya rataye keken a rumfa. "Shi ke nan. Gara ta zauna gida da ƙafafunta."

Na bari sai da ya ci tuwo. Ni sai da na haihu sannan na koyi rubuta sunana a ajin yaƙi da jahilci, na san ciwon makara. Na ce, "Malam, ba keke ne ya kayar da su ba, maganarmu suka bi. Tafiyar ƙafa muka koya musu. Ko dakan lugude muke, in ban ba ƴar uwata wuri ba, taɓarya za ta same ta."

Can ya ce, "Ki gwada. Amma in na sake ganin jini, ba ni ba zancen lakwal."

Abin ya koya mini cewa tafiya tare ba mannewa ba ce. Wanda kake so ka tsare, bar masa wurin da zai tsaya in wani abu ya gitta.

Washegari bayan asuba na sauke keken da kaina, na ɗebi karan dawa masu tsawo na tari ƴan matan a bakin kwalta. Na jera su, na shimfiɗa kara biyu tsakanin kowace da ta gabanta. Na ce mai shirin tsayawa ta ɗaga murya, hira kuma a aje ta sai an isa. Ɗiyata ta ce, "Inna, ai kamar mun yi faɗa."

Na ce, "Ku tafi hakanan." Na tsaya ina kallon su a jere, har suka sha kwana.