Hannun Rabi a Kafaɗata

Ranar wata Asabar, a daminar farko ta yaƙin basasa, mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku a ƙofar gidanmu da ke Kabara. Yaya Garba ne ya aiko daga fagen daga yana so a aika masa hoton 'yan gida. Ina aji uku a lokacin, kuma tun safe aka wanke mu aka shafe mu da mai.

Yayata Rabi ta fi kowa murna. Ta girme ni nesa, amma ni nake ɗaura mata ɗankwali, kuma tare muke 'yar carafke idan na dawo daga makaranta. Ba ta iya kai aike daidai, sai dai ba wanda ya kai ta tsince tsakuwa a shinkafa. Lalle kuwa a hannun hagu kawai take yarda a ƙunsa mata, don ta ce na dama na cin tuwo ne. A unguwa "gaula" ake kiranta, har na ɗauka wani suna ne irin Ladi ko Talatu.

Da muka jeru, sai Baba ya ce Rabi ta koma ciki ta duba masa akuya. Na rasa gane abin da ke faruwa, don akuyar na ɗaure tana cin dusa. Kaka ta ɗago daga tabarma ta tambayi inda za ta. Wani maƙwabci ya ce, "Hajiya, a bar gaular nan, sojoji ne za su gani." Kaka ko kallonsa ba ta yi ba. Baba ta fuskanta ta ce, "Sunanta Rabi. Rago ka yanka mata kamar sauran." Aka dawo da ita, aka tsayar da ita a can gefe, ta dafa kafaɗata tana dariya.

Da hoton ya zo, gefensa a yanke yake da almakashi. Babu Rabi, sai yatsunta a kafaɗata. Ban san wanda ya yanke ba, kunya kuma ta hana ni tambaya. Ita kuwa ta yi ta juya shi tana neman kanta, har bayansa ta duba. Haka aka aika.

Bayan yaƙi Yaya Garba ya dawo da hoton a aljihu, duk ya koɗe. A soro, gaban Baba, ya nuna yatsun masu duhun lalle ya ce, "Wannan na fi kallo." Baba ya sunkuyar da kai, Rabi ta yi ta nuna wa kowa hannunta.

Yanzu a rediyo ina jin ana cewa "masu buƙata ta musamman", kuma jikokina suna ɗaukar hoto a waya ba adadi. Nakan so in nuna musu fuskarta, amma hannun nan kaɗai ya rage mini.