Maman Simon a Bencin Baya

Maman Simon, ainihin sunanta Magdalena, maƙwabciyata ce a Kwali, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma a rumfata take awon dawa. Abin da take yi da dawar ba ɓoyayye ba ne, burkutu ne. Ni dai na auna na miƙa. Abin da mutum ya yi da hatsinsa, tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Daga Filato ta zo da mijinta, birkila, lokacin da Abuja ke haɗiyar siminti ba ƙaƙƙautawa. Wata rana gini ya rufta da shi a Lugbe. Matan cocinsu, waɗanda ake kira zumunta, su suka raka gawar, sanye da zane iri ɗaya, suna buga tulu suna waƙa da Hausa har aka rufe kabarin. Su suka ciyar da ita har ta miƙe, makarantar coci kuma ta ɗauki Simon da ƙanwarsa Serah kyauta. Tun ranar ba ta da wani buri da ya wuce a yi mata irin wannan rakiya idan tata ta zo.

Sai dai taimako ba ya zama sana'a. Da tuwon jama'a ya ja baya, ta ɗora tukunyar burkutu. Dattawan coci suka sa ta horo: ta koma bencin baya, ba ta cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a coci, ba ta ɗaura zanen zumunta. Wadda ta mutu cikin horo kuwa, a cocinsu, ba tulu ba waƙa. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma fasa zuwa coci ba. Haka ta yi ta yi har furfura ta cika mata kai.

Yaran suka girma suka koma Nyanya, Simon yana kai kaya a babur, Serah tana koyarwa. In sun zo ƙarshen mako, ba na buƙatar rediyo.

“Wannan addini me ya kawo mana?” in ji Simon. “Kakanninmu suna shan abinsu, ba mai kore su baya. Yanzu dubi Mama, kamar criminal.”

“Wa ya koya maka karatu da kake buɗe baki?” in ji Serah. “Wa ya binne Baba? Kakanni?”

“To sun ba mu biro, sun ƙwace mutuncin uwarmu. Na business be that.”

Wata rana suka jawo ni ciki ta saman katanga. “Baba Nasrullahi, kai ka faɗa.” Na ce ni ko na gidanmu ban gama warwarewa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya haushinsu nake ji su duka biyun. Kowa ya mai da tsohuwa hujja, ita kuwa tana zaune tsakaninsu tana juya tukunya, ko a jikinta. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambaye ta ra'ayinta ba.

Bara ƙafafunta suka fara kumbura, likita ya ce zuciya ce. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta zubar da tsimin ƙarshe, ta sayar da tukwane, ta je ta durƙusa wa dattawa. Suka ce za su duba halinta tukuna. Watannin nan ni ne hankalina ya tashi, kullum da safe sai na kasa kunne na ji tarinta kafin in fita. Ita kam abinta take yi, kamar a kan ran wani ake magana.

Allah ya ja kwananta. Wata Lahadi aka kira ta gaban jama'a, aka karɓe ta, aka zaunar da ita a gaba cikin zanenta. Serah ta dawo tana hawaye tana rangaɗa guɗa. Simon ya ƙi shiga, ya jira a waje kan babur.

Da yamma na leƙa yi mata barka. Na same ta a tsakar gida, inda murhu yake a da, hannuwa a kan cinya.

“Maman Simon, buri ya cika.”

“To, an gode Allah, Malam.”

“Ban ga kina murna ba.”

Ta ce, “Daga bencin baya, ƙeya kawai nake gani, duk zane ɗaya, ina cewa matan da na sani ne. Yau na juya na ga fuska. Yara ne. Da Turanci suke waƙa, tulun ma an ce ya fashe tun tuni.”

“Su Maman Kindness fa, da suka raka gawar maigidanki?”

“Ai duk ni na raka su makabarta, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye can bayan mutane. Ban dai taɓa haɗa lissafinsu a raina ba sai yau.”

Ta kwance zanen daga kan na ciki, ta ninke shi a hankali, ta miƙa wa Serah ta ce ta ajiye inda za a gani da wuri idan tata ta zo.