Bututun da Baba ya binne

Gonarmu ta tumatir a Kadawa ruwan kanal, babbar magudanar noman rani, take sha, ta maƙwabcinmu Malam kuwa rijiyar burtsatse. Shekarar da aka rufe kanal don yashe shi, Baba da maƙwabcin suka haɗa bututunmu da nasa, suka binne mahaɗar saboda ɓarayi. Na ce a sa makullin ruwa a tsakani, a kafa alama. Baba ya harare ni, ya ce, "Tsakanina da Malam har sai an sa makulli?"

Su biyu kaɗai suka san wurin, kuma cikin shekara uku duk suka rasu.

Magadan Malam suka sayar da gonar. Wanda ya saya ya shuka shinkafa, yana zuba maganin ciyawa a tankin ruwansa. Shi bai san da bututun da ke kawo ruwan gonarmu ba. Ni na sani, amma ban san inda yake ba. Kwana huɗu ina haƙa kamar mahaukaci, tumatir yana yanƙwanewa layi-layi.

Da na tono mahaɗar, na tarar Baba ya naɗe ta tamau da robar tayar kekensa. Ko ɗigo ɗaya bai zube a ƙasa ba. Duk ruwan maganin gonarmu ce ta shanye shi.